Zakuna sun faɗi a Piretoriya

1. Yaro mai jar riga

A ƙasar Wels, yamma da Ingila, akwai wani yaro mai shekara 11. Yana zaune da iyayensa da kakansa a wani ƙaramin gari kusa da birnin Kadif. Ba abin da yake so kamar wasan rugbi, wanda Hausawa suke kira zari-ruga. In an tashi daga makaranta, sai ya ajiye jakarsa, ya ɗauki ƙwallo, ya nufi fili.

Ƙwallon rugbi ba kamar ƙwallon ƙafa yake ba. Siffarsa kamar ta ƙwai ce. Kowace ƙungiya tana da ƴan wasa 15. Ana yin minti 40, a huta, a sake yin minti 40. Ɗan wasa yana iya ɗaukar ƙwallo da hannu ya ruga da shi, abokan hamayya kuma suna iya kama shi su kayar. Amma ba a jefa wa aboki ƙwallo gaba da hannu, sai baya. Wanda ya dire ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya samo wa ƙungiyarsa maki 5. Daga nan sai a ba su bugun ƙari. In ƙwallon ya bi ta tsakanin dogayen sanduna biyu, ta bisa sandar da aka gitta, sun ƙara maki 2. In wani ya yi laifi, alƙali yana ba ɗaya ƙungiyar bugun hukunci. Wannan bugu maki 3 ne.

Yaron yana da aboki, gidansu yana jikin nasu. Ajinsu ɗaya, tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa. Iyayen abokin mutanen ƙasar Irlan ne, aiki ya kawo su Wels. In Wels da Irlan suna wasa, sai yaran biyu su rabu, kowa ya goyi bayan ƙasarsa. In an gama, su koma abotarsu.

A shekarar 2009, kakan yaron ya saya masa wata jar riga. Ba rigar Wels ba ce, rigar Zakuna ce.

2. Zakuna da Bareyi

Zakuna ƙungiya ce ta ƙasashe huɗu: Ingila, da Sikotlan, da Wels, da Irlan. Kowace shekara waɗannan ƙasashe suna karawa da juna. Amma bayan kowace shekara huɗu, sai a zaɓi gwanayen ƴan wasansu, a haɗa su ƙungiya ɗaya, a ba su jar riga. Sa'an nan su yi tafiya mai nisa, su yi makonni a baƙuwar ƙasa suna wasa. Wani zuwa su je Ostiraliya, wani zuwa Niyu Zilan, wani zuwa Afirka ta Kudu. An fara irin wannan tafiya tun shekarar 1888.

A 2009, Afirka ta Kudu suka je. Ƙungiyar wannan ƙasa sunanta Springboks, watau sunan wata irin barewa mai yawan tsalle, kamar yadda ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar Mena. Bareyi suna sa koriyar riga. A lokacin su ne zakarun duniya, domin sun ci kofin duniya a birnin Paris a 2007.

An shirya manyan wasanni uku tsakanin Zakuna da Bareyi. Wanda ya ci biyu shi ya yi nasara. An yi na farko a birnin Durban ran 20 ga watan Yuni. Bareyi suka ci 26 da 21. Saboda haka tilas ne Zakuna su ci wasa na biyu. In sun faɗi, shi ke nan.

3. Ranar Asabar

Ran Asabar 27 ga watan Yuni, tun da safe yaron ya sa jar rigarsa. Da rana abokinsa ya shigo, shi ma da tasa. Yau ba rabuwa, ƙungiyarsu ɗaya. Suka zauna a ƙasa gaban talabijin, Kaka yana kan kujerarsa.

A birnin Piretoriya ake wasan, a filin da ake kira Loftus Versfeld. Alƙalin wasa mutumin Faransa ne, sunansa Christophe Berdos. Dubban magoya bayan Zakuna sun bi ƙungiyarsu har can. Ko'ina aka duba a filin, sai jajayen riguna.

Zakuna suka fara da ƙarfi. Stephen Jones, ɗan Wels, wanda yaron ya fi so cikin dukan ƴan wasa, ya ci bugun hukunci. Ba a daɗe ba Rob Kearney, ɗan Irlan, ya dire ƙwallo bayan layi. Yaran suka yi tsalle, suka rungume juna. Da aka tafi hutu, Zakuna suna da 16, Bareyi suna da 8.

Yaron ya ce: «Kaka, yau mun ci!»

Kaka ya ce: «Saura minti 40, jikana. Zauna tukuna.»

Da aka dawo, wasa ya yi zafi. Ƙarfafan Zakuna biyu masu tsayawa gaba wajen turereniya, Gethin Jenkins da Adam Jones, suka ji ciwo. Ɗaya ya karye a ƙashin kunci, ɗaya ya goce a kafaɗa. Aka fitar da su. Duk da haka Stephen Jones ya ƙara maki 3, ya zama 19 da 8. Sai Bryan Habana, mai gudun tsiya, ya ratsa Zakuna ya dire ƙwallo. Bareyi suka matso. Wasu Zakuna biyu, Brian O'Driscoll da Jamie Roberts, su ma suka fita da ciwo. Cikin waɗanda aka sako domin su maye gurbi akwai Ronan O'Gara, ɗan Irlan.

Saura minti kaɗan, Jaque Fourie ya dire wa Bareyi ƙwallo a can gefen fili. Suka wuce gaba, 25 da 22. Yaron ya rufe fuskarsa da hannu. Amma Stephen Jones ya sake cin bugun hukunci. Ya zama 25 da 25.

Lokaci ya kusa cika. Ƙwallo ya zo hannun O'Gara. Ya buga shi sama, ya bi shi da gudu. Wani ɗan wasan Bareyi, Fourie du Preez, ya yi tsalle domin ya cafe. O'Gara ya yi karo da shi tun ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. A dokar rugbi wannan laifi ne, domin wanda yake sama yana iya faɗowa da ka. Alƙali ya busa.

Morné Steyn, saurayi mai shekara 24, ya ajiye ƙwallo. Tsakaninsa da sanduna ya fi mita 50. Amma wannan fili shi ne filin ƙungiyarsa ta gida, ya san shi sarai. Kuma Piretoriya tana kan tudu, tsayinta ya fi mita 1.300 bisa teku. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, ƙwallo yana tafiya nesa. Steyn ya ja da baya, ya taho, ya buga. Ƙwallo ya tashi, ya yi ta tafiya, ya bi ta tsakanin sanduna. Alƙali ya busa tashi. Bareyi 28, Zakuna 25.

4. Magana mai zafi

Ɗakin ya yi tsit. Yaron ya tashi, idanunsa cike da hawaye. Ya tuɓe jar rigar, ya jefar da ita bayan ƙofa. Sa'an nan ya juya wajen abokinsa, ya ce:

«Ɗan ƙasarku ne ya kayar da mu! Da ba a sako shi ba, da ba mu faɗi ba. Ku mutanen Irlan ba ku iya kome ba!»

Abokin bai ce uffan ba. Ya tashi a hankali, ya gai da Kaka, ya fita.

Da dare yaron ya ƙi cin abinci. Uwarsa ta kira shi sau biyu, ya ce ba ya jin yunwa. Ya kwanta, amma barci ya ƙi zuwa. Da ya rufe ido, sai ya ga ƙwallon nan yana bi ta tsakanin sanduna.

Ran Litinin, abokin bai tsaya masa a ƙofar gida ba. Kowa ya tafi makaranta shi kaɗai. Lokacin hutu, abokin ya zauna can nesa. Ran Talata ma haka. Jar rigar tana nan bayan ƙofa, ba wanda ya ɗauke ta.

5. Lissafin Kaka

Ran Laraba da yamma, Kaka ya kira yaron. Ya ce: «Kawo takarda da alƙalami. Ina so ka taya ni wani lissafi.»

Yaron ya kawo.

Kaka ya ce: «Maki nawa Bareyi suka ci ran Asabar?»

«28.»

«Nawa suka ci a bugun ƙarshe?»

«3.»

«To, ɗebe 3 daga 28.»

Yaron ya rubuta, ya ce: «Saura 25.»

Kaka ya ce: «Waɗannan 25 ɗin fa, wa ya ba su? Sa'ad da suka ci maki 8 na farko, O'Gara yana zaune a benci, bai ma shiga ba. Mutum 15 ne a fili, minti 80 aka yi ana wasa. Kai kuwa ka ɗauki minti ɗaya, ka ɗora wa mutum ɗaya.»

Yaron ya ce: «Amma ai ya yi laifi, Kaka. Kowa ya gani.»

Kaka ya ce: «Ya yi, ban ce bai yi ba. Shi ma ya sani, ya fi ka sani. Yanzu gaya mini, wa ya dire mana ƙwallo bayan layi?»

«Kearney.»

«Ɗan wace ƙasa ne?»

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: «Irlan.»

«Shugaban ƴan wasanmu fa, Paul O'Connell?»

«Shi ma Irlan.»

Kaka ya ce: «Da Kearney ya ci, na ji ka ce mun ci. Da O'Gara ya yi kuskure, sai ka ce ɗan ƙasarku. Ashe jar rigar nan ta ranar daɗi ce kawai?»

Yaron ya yi shiru.

Kaka ya gyara zama, ya ce: «Ka tuna ran 21 ga watan Maris, da Irlan ta zo Kadif?»

Yaron ya tuna. Ranar ma a wannan ɗaki suka kalla. Wels tana gaba da 15 da 14, saura minti kaɗan. Sai O'Gara ɗin nan ya buga ƙwallo tsakanin sanduna, Irlan ta koma gaba, 17 da 15. A minti na ƙarshe aka ba Wels bugun hukunci daga nesa. Stephen Jones ya buga, ƙwallon bai kai ba, ya faɗi gaban sanduna. Irlan ta ci dukan wasanninta biyar na gasar ƙasashe shida. Rabon da ta ci dukan wasanninta na wannan gasa tun 1948.

Kaka ya ce: «Ranar nan wa ya kasa bugun ƙarshe?»

«Stephen Jones.»

«Ka daina son sa?»

«A'a. Bugun yana da nisa. Kuma ya gaji.»

«Madalla. Ka nema masa uzuri domin naka ne. Abokinka fa, me ya ce maka ranar?»

Yaron ya yi tunani. Ranar abokinsa ya yi murna ƙwarai, har ya yi rawa a tsakar ɗaki. Amma da ya ga yaron yana kuka, sai ya daina. Ya zo ya zauna kusa da shi, ya ce Wels ta yi wasa mai kyau. Bai yi masa dariya ba ko sau ɗaya.

Kaka ya ce: «Jin zafin faɗuwa ba laifi ba ne. Ni ma ban yi barci ba ran Asabar. Wanda bai ji zafi ba, da ma bai damu da ƙungiyar ba. Amma mutanen nan sun bar gidajensu makonni, wasu daga fili asibiti aka wuce da su. Bareyi kuwa zakarun duniya ne, a gidansu ake wasa, da maki 3 kaɗai suka fi mu. Abokinka yana nan Wels, bai taɓa ƙwallon ba. Me ya yi maka?»

Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaron ya daɗe yana hangen laifin O'Gara a can Piretoriya. Sai yanzu ya ga nasa.

6. Wasa na uku

Yaron ya tafi bayan ƙofa, ya ɗauki jar rigar, ya kakkaɓe ta, ya sa. Ya fita, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Abokin ne ya buɗe.

Yaron ya ce: «Abokina, na faɗa maka magana marar kyau. Haushi ne ya ɗebe ni. Ka yafe mini.»

Abokin ya dube shi, ya ce: «Ni ma na ji haushin O'Gara. Amma maganarka ta fi yi mini zafi.»

Yaron ya ce: «Na sani. Ran Asabar akwai wasa na uku. Za ka zo?»

Abokin ya ce: «Ai an riga an cinye mu. Me ya rage?»

Yaron ya ce: «Zakuna za su fito fili. In sun fito, ya kamata su sami masu kallo.»

Ran Asabar 4 ga watan Yuli, yaran biyu suka sake zama gaban talabijin, kowa da jar rigarsa. A birnin Johanesbag aka yi wasan. Shane Williams, wani ɗan gajeren ɗan Wels mai saurin gudu, ya dire ƙwallo sau biyu. Ugo Monye, ɗan Ingila, ya tare ƙwallon Bareyi, ya ruga da shi daga nesa har bayan layi. Zakuna suka ci 28 da 9. Nasarar gasar ta Bareyi ce, domin sun ci wasa biyu, Zakuna sun ci ɗaya. Duk da haka yaran suka yi ta tsalle, har Kaka ya ce su yi hankali da fitila.

Shekara 12 bayan haka, a 2021, Zakuna suka koma Afirka ta Kudu. Saboda cutar korona, ba a bar ƴan kallo sun shiga fili ba. Kowace ƙungiya ta ci wasa ɗaya, saura na uku, a birnin Kap. Ana kusa da tashi, 16 da 16, aka ba Bareyi bugun hukunci. Wanda ya zo bugawa shi ne Morné Steyn ɗin nan, yanzu yana da shekara 37. Ya buga, ya ci. Bareyi 19, Zakuna 16.

Yaron ya zama saurayi mai shekara 23, abokinsa kuwa ya koma Irlan da zama. Da aka tashi, saurayin ya ɗauki waya ya kira shi. Ya ce: «Ka gani? Mutumin nan ya sake yi mana!» Suka yi dariya, ko da yake kowa zuciyarsa ba daɗi. Sa'an nan suka yi alkawari, in Zakuna sun sake tafiya, tare za su kalla.

Shi kuwa Ronan O'Gara, bayan ya bar wasa, ya zama mai horar da ƴan wasa. Ya riƙe ƙungiyar La Rochelle ta ƙasar Faransa, ta ci kofin Turai a 2022 da 2023.

Ma'anar kalmomi

zari-ruga: wasan ƙwallo da ake ɗauka da hannu a ruga. Da Faransanci: le rugby.
dire ƙwallo: ajiye ƙwallo a ƙasa bayan layin abokan hamayya. Da Faransanci: un essai.
bugun hukunci: bugun da ake ba ƙungiya in an yi mata laifi. Da Faransanci: une pénalité.
turereniya: haɗuwar ƴan wasa 8 na kowane gefe, su sunkuya suna tura juna domin su sami ƙwallo. Da Faransanci: la mêlée.
alƙalin wasa: mai tsaron dokokin wasa. Da Faransanci: l'arbitre.
uzuri: dalilin da ake bayarwa domin a yafe wa mutum.
Wels: da Faransanci, le pays de Galles.
Sikotlan: da Faransanci, l'Écosse.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ne suke haɗuwa su zama ƙungiyar Zakuna?
2. Don me ya zama tilas Zakuna su ci wasan Piretoriya?
3. Wane laifi O'Gara ya yi a minti na ƙarshe? Don me doka ta hana shi?
4. Me ya taimaki Steyn har ƙwallonsa ya kai sanduna daga nesa?
5. Me yaron ya faɗa wa abokinsa? Me ya biyo baya?
6. Don me Kaka ya tuna masa wasan watan Maris?
7. A ganinku, don me yaran suka kalli wasa na uku, alhali an riga an cinye gasar?

Lissafi

A Piretoriya, Bareyi sun dire ƙwallo sau 3, sun ci bugun ƙari sau 2, sun ci bugun hukunci sau 3. Ku lissafa makinsu duka. Ya yi daidai da abin da kuka karanta?

Aiki

1. Ku nemo Afirka ta Kudu a taswirar Afirka. Ku nuna Piretoriya, da Durban, da Johanesbag, da Kap.
2. Ku tuna ranar da aka kayar da ɗan kokowar da kuke so, ko aka cinye ƙungiyar makarantarku. Ku rubuta jimla biyar a kan abin da kuka ji da abin da kuka faɗa.
3. Ku juya wannan jimla zuwa Faransanci: Yaron ya ɗauki jar rigar, ya tafi gidan abokinsa.